Takardar da Babu Sunan Dennis

A bugu na uku kwaɗon ya saki. Rejoice ta yar da taɓaryar da ta ɗauko a bakin famfo, ta banka ƙofar da kafaɗa.

"Yaya Dennis!"

Ba wanda ya amsa. Babu ma inda mutum zai kwanta balle ya amsa. Kujerun roba na coci ne aka jibge har rufi, ga gangunan zumuntar mata, ga manyan tukwanen da ake dafa shinkafar Kirsimeti. Gadon ƙarfen da yayanta ya shekara goma sha ɗaya a kai an kwance shi, an jingina ƙarafan da bango. A can ƙurya ta hango wani abu cikin leda. Ta ture kujerun, suka zube da ƙara. Keken guragu ne, wanda ta aiko masa daga Romaniya shekara biyu da suka wuce. Ko ledar ba a ɓare ba.

Jikin ƙofar har yanzu akwai takardar da aka manna ranar da za ta tafi. Rana ta cinye tawadar, amma sunayen na karantuwa: Litinin wance, Talata wance, har zuwa Lahadi. Matan da za su riƙa yi wa Dennis wanka, su ba shi abinci, su juya shi.

"Rejoice? Yesu! Ba gobe muke sa ran ki ba?"

Mama Hannah ce, shugabar zumuntar mata, matar Dattijo Philip sakataren coci. Tsintsiya na hannunta. Da ta ga kwaɗon a ƙasa sai tsintsiyar ta faɗi.

"Mama, ina yayana?"

"Ki zo ki sha ruwa tukuna, kin sha hanya..."

"Ina yayana?"

Mama Hannah ta zauna a kan dakali.

A nan Talata Mafara aka haifi Rejoice da Dennis. Mahaifinsu daga ƙasar Zuru ya zo tuƙa motar aikin dam, bai koma ba. Dennis da lalurarsa aka haife shi: gaɓoɓinsa a sanƙare, harshensa da nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Da iyayen suka rasu, coci ta ba su wannan ɗaki a bayan majami'a, Rejoice tana aikin jinya da safe, da yamma tana kan yayanta. Sai wata ƙungiyar mishan ta zo neman masu jinya da za su yi hidima a wani gidanta a Romaniya, inda ake kula da manya masu naƙasa waɗanda danginsu suka watsar. A takardar neman aikin akwai tambaya guda: shin akwai wanda rayuwarsa ta rataya a kan kulawarki? Duk wanda ya ce akwai, ba a ɗaukarsa.

A cikin wannan ɗakin Dattijo Philip ya miƙa mata biro. "Rubuta babu," in ji shi. "Daga yau Dennis na ikilisiya ne."

Ta rubuta. Shekara uku ke nan.

"Wata huɗu muka yi muna bin takardar," Mama Hannah ta ce, idonta a ƙasa. "Sai wannan ta haihu, waccan aka yi wa mijinta canjin wurin aiki. Wani mako ni na ɗauka Maman Joy ta zo, ita ta ɗauka ni na zo. Kwana uku ba wadda ta leƙa shi, Rejoice. Gwaggo Marka mai ƙosai ta bayan katanga ce ta ji ana buga kofi a bango. Ta sa ɗanta Zaharadeen ya haura."

"Sai me?"

"Sai ta ce a ba ta shi na kwana biyu, ya warware."

"Kwana biyu. Hotunan fa? Duk wata kuna turo mani hotonsa a kan gadon nan."

Mama Hannah ta rufe fuska da gefen zaninta. "Rana ɗaya aka ɗauke su. Muka riƙa canza masa riga."

Rejoice ta tuna hotunan. A kowane hoto akwai filasta a girar Dennis ta hagu. Sau biyu ta tambaya, aka ce mata a wurin yake yawan bugewa. Ita da take gane ciwon kwanciya tun fata ba ta fashe ba, ta yarda ciwo ɗaya ya shekara uku bai warke ba, bai kuma ƙaru ba. Duk sanda ta nemi a haɗa su a waya, ko yana barci ko babu sabis. Ta yarda da wannan ma.

Ƙarar babur ta katse su. Dattijo Philip ya kafe shi, ya dubi kujerun da suka zubo har waje, ya gyara hula.

"'Yarmu ta iso! Sannu da zuwa, mishan ɗinmu." Ya rage murya. "Na san abin da kika gani. Ki kwantar da hankali, yana hannu mai kyau."

"Hannun wa, Baba Dattijo? Yaushe rabonka da ganinsa?"

Ya matso kusa da ita. "Saurara. Gobe sujadar godiya ce saboda ke. An buga riguna da hotonki. Akwai baƙo da ke zuwa daga ofishin mishan na Jos da takardar sabunta aikinki na wasu shekara uku. Ke ce ta farko da ikilisiyar nan ta taɓa aikawa ƙetare. Ki bari a gama, ranar Litinin ni da kaina zan kai ki."

"Ina suke?"

"Rejoice, kada ki ɓata aikin Ubangiji saboda fushi."

"Bakura," Mama Hannah ta faɗa ba tare da ta dubi mijinta ba. "Ki nemi gidan Adama, ƙanwar Gwaggo Marka, bayan injin niƙa."

Rejoice ta rataya jakarta ta hannu, ta bar akwatin a tsakiyar filin coci.

Ɗan kabu-kabun da ta samu a bakin titi dattijo ne mai furfura a gemu, bai cika surutu ba. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi a gefen hanya, shinkafa shar a fadamu. Wayarta ta yi ƙara sau huɗu cikin jaka. Sunan Dattijo Philip. Ta kashe sautin.

Adama tana shanya kuɓewa a kan buhu lokacin da suka isa. Ta amsa sallama, ta bi gaisuwa daki-daki, gida, gajiya, ruwa, sannan ta ƙura wa baƙuwar ido.

"Ke ce ƙanwar Dani? Wadda ta tahi Turai jinyar guragun Turawa?"

"Ni ce, Inna."

"To sannu da ƙoƙari. Su can ba su da 'yan uwa ne?"

Rejoice ta leƙa cikin gidan. "Suna ciki?"

"Ai kin makara da shekara guda. Da sunka baro Mafara, ƙauyenmu sunka koma, can bayan Damri. Ran da labari ya zo mutanen daji na tahe, kowa ya kwashi abin da ya iya. Zaharadeen na da buhun gero shida da ɗan tsohon babur ɗinsa da babu mai ciki. Ya bar su duka, ya goya yayanki awa jariri, da zanen uwarsa. Nan sunka iso, ƙafafunsa duk ƙaya. Wata biyar sunka yi wurina, sai ya samu aikin lodi tashar Maradun."

"Yana da rai dai?"

"Wa, Dani? Ya fi ki ƙiba." Adama ta koma kan kuɓewarta. "Ki tambayi rumfar mai gwangwani. Ko akuya ta san ta."

Suka juyo, suka sake ratsa Mafara. Da suka zo daidai kwanar coci Rejoice ta hango mata suna ɗaura ƙyallaye a bakin ƙofa, da wani babban allo mai hotonta tana ba wata tsohuwar Baturiya abinci a baki. Ta sunkuyar da kai a bayan ɗan kabu-kabun har suka wuce.

La'asar ta kusa lokacin da suka shiga Maradun. Tashar cike take da mutanen ƙauye masu jiran mota, buhunan gyaɗa, kaji a ɗaure, jarkokin manja. Kafin ta tambayi kowa ta ji shi.

Kwang! Kwang! Kwang!

"Kai, Malam, aje buhun nan!" wani ya yi ihu yana dariya. "Ba naka ba ne, Dani ya kama ka!"

"Wallahi iri ɗaya ne da nawa!"

"Naka na can ƙarƙashin na Hajiya. Ka duba inda sandarsa ta nuna."

A ƙarƙashin wata rumfar kwano, tsakiyar tulin kaya, aka kafa wata kujera da aka ƙera da katako da tsohuwar tayar mota, an cusa mata tsummoki ta ko'ina. A ciki Dennis yake. An ɗaura masa wata siririyar sanda a wuyan hannu da robar tayar keke, ga babban gwangwanin madara a rataye kusa da gwiwarsa. Ya yi ƙiba, ya yi baƙi, an yi masa aski tas. Babu filasta a girarsa. Ko tabo babu.

Mutanen Janbako da sauran ƙauyuka in sun shigo gari nan suke zube kayansu su tafi sabgarsu. Dennis ba ya rubutu, ba ya manta fuska. Duk wanda ya kai hannu kan abin da ba nasa ba, gwangwani zai tona shi.

"Yaya," ta ce.

Kansa ya juyo a hankali, yana karkarwa kamar yadda ya saba. Ya dube ta daga takalmi har gashi. Sannan ya mayar da idonsa kan buhuna.

"La ilaha illallahu! Murna ce?"

Gwaggo Marka ce a gefen rumfar, gaban kaskon ƙosai. Tun Rejoice tana yarinya ba ta taɓa iya faɗin sunanta ba, sai ta sa mata Murna. Ta tsufa, ta rame, amma muryar na nan.

"Ke, kin yi fari hal kunnuwa! Can ba su da rana ne? Zaharadeen! Taho ka ga ta Turai!"

Rejoice ta durƙusa ta gaishe ta, kalmomin suna fita ba tare da ta san me take cewa ba. Wani dogon mutum mai faɗin kafaɗa ya diro daga kan wata mota, rigarsa jiƙe da gumi, ya gaishe ta a taƙaice, ya tsaya bayan kujerar Dennis ya dafa ta.

Hannun Rejoice ne ya fara aiki kafin tunaninta. Ta taɓa goshin yayanta, ta duba dasashinsa, ta ɗaga gefen rigarsa. A ƙugunsa na dama akwai wani rami da ya warke, faɗinsa kamar bakin kofi.

"Gwaggo! Wannan ai ciwon kwanciya ne. Mutum irinsa duk awa biyu ake juya shi. Ba a barinsa..."

"Wancan?" Gwaggo ta juya ƙosai ba ta ko ɗago ba. "Wancan na cocinku ne, ɗiyata. Da shi munka ɗauko shi, da tsutsa ciki. Wata uku ina wanke shi da ruwan gishiri, shina cizon hannuna. Sai ki koya mani awa biyu."

Wasu 'yan lodi biyu da ke kusa suka yi kamar ba su ji ba. Rejoice ta sauke rigar.

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Da wace lamba? Sau uku ina zuwa gun Dattijonku. Yac ce kina aikin Allah, kar a tada maki hankali. Nic ce to, Allah dai bai ce a bar mutum da ƙishirwa ba, amma ku kun fi ni karatu."

An kawo kunu a kwanon sha. Rejoice ta yi sauri ta buɗe jaka. Ta zo da cokali na musamman, mai lanƙwasa, mai laushin baki, irin wanda take ba mutanenta abinci da shi a can. Ta ɗebo kunun, ta tallafi haɓarsa yadda aka koya mata don kada ya shaƙe.

"Yaya, buɗe baki. A hankali."

Dennis ya datse haƙora. Kunun ya gangaro ta haɓarsa.

"Ba a ba shi a baki," in ji Zaharadeen. "Ya tsani haka."

Ya zaro wani ludayin duma daga saman rumfa, an naɗe mariƙinsa da roba har ya yi kauri. Ya kwance sandar, ya ɗaura ludayin a wurinta, ya ɗora kwanon a kan wani katako da ke gaban ƙirjin Dennis. Hannun ya tashi yana rawa, ya nutsa cikin kunun, ya taso. Rabi ya zube. Rabi ya shiga baki. Dennis ya haɗiye, ya sake komawa.

Shekara goma sha ɗaya Rejoice tana ba shi abinci a baki, safe da yamma, tana sauri don kada ta makara aiki. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayarsa ko yana son ya gwada ba.

"Wa ya koya masa?"

"Yunwa," in ji Gwaggo. "Ni ina tuya, wanga na lodi. Wa ke da hannun banza?"

Rejoice ta lura da zaren da ke wuyan yayanta. Ta jawo shi. Ƙaramin gicciyen mahaifiyarsu ne, na azurfa, an sake masa sabon zare. Gwaggo ta ga inda idonta ya tsaya.

"Kar ki yi mani wanga kallo. Ni mutum na ɗauko, ban ɗauko addininsa ba. Muna Mafara, duk Lahadi Zaharadeen na goya shi hal ƙofar cocinku. Ki tambaye shi abin da ya faru."

Zaharadeen ya sosa ƙeya. "Matakala bakwai ce, na hau da shi. Lahadi ta farko sun karɓe shi. Ta uku sai wani mai jan ƙyalle a kafaɗa yac ce yau ana ɗaukar bidiyo da za a aika maku can, a gode wa masu mishan. Wai Dani na ƙara in ana waƙa, kuma miyau na zuba. Sai a aje shi waje, gindin taga, shina ji daga nan."

"Waƙa yake yi," Rejoice ta ce. "Haka yake waƙa."

"Mu mun sani. Su ne ba su sani ba. Daga ranan in na ɗauko shi ran Lahadi sai ya ƙanƙame gado. Yanzu dai akwai waƙoƙinku cikin wayata, wani direba ya tura mani. In Lahadi ta yi sai in kunna mashi, ya yi ta ihunsa. Har na hardace guda biyu, Allah ya yafe mani."

Wani daga cikin 'yan lodin ya fashe da dariya. Rejoice ta tuna bidiyon. A ɗakin cin abinci na gidan mishan aka nuna shi, ma'aikata suna tafi, ita tana hawaye tana nuna musu matakalar cocinsu.

Ta durƙusa a gaban kujerar, gwiwoyinta cikin ɓawon gyaɗa.

"Yaya, na zo in tafi da kai. Akwai kekenka a Mafara, sabo fil. Zan kama ɗaki mai kyau, zan ɗauki ma'aikaciya ta gaske wadda ni zan koya mata da kaina kafin in koma. Ba zan sake barinka a hannun zumunta ba. Ka ji?"

Leɓunan Dennis suka fara motsi. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Duk rumfar ta yi shiru, don mutanen tasha sun san in zai yi magana jira ake yi.

"Ba... bu."

"Babu me, Yaya? Ba ka son ma'aikaciya? To sai..."

"Ba haka yake nufi ba," in ji Zaharadeen a hankali. "Labarin takarda ne. Mun sha jin shi."

Dennis ya buga ludayin a kan katako. Idonsa na kanta.

"Ina... nan. Kan... gado." Ya tsaya ya ja numfashi, miyau ya zubo, Gwaggo ta miƙo hannu ta share da gefen mayafinta ba tare da ta daina juya ƙosai ba. "Na... ji. Ya ce... rubuta. Kin... rubuta."

Taku biyu ne tsakanin gadon da teburin a ranar. Ita da Dattijo sun yi maganar a gabansa kamar yadda ake magana a gaban kujera.

"Don in samu aikin ne, Yaya. Don in taimaki mutane irinka. Ba nufina..."

Kwang!

Ya kai wa gwangwanin duka da ludayin, kunu ya fantsama a farar rigarta.

"Go... ge."

"In goge?"

"Go... ge. Sa... Dennis."

Gwaggo ta kwashe ƙosai ta zuba a kwando. "Kin ji sharaɗinsa. Tun bara yac ce mana, in kin zo, ba shi bin ki ko nan da bakin titi sai kin goge babu kin sa sunansa. Ni ba ruwana. In ya so bin ki, ga hanya. In bai so ba, ko Dattijonku ya zo da 'yan sanda sai sun taka ni."

Rejoice ta zauna daɓas a kan wani buhu. Ta san dokar mishan ɗin kamar sunanta. In ta sa sunansa, ba sabunta aikin kaɗai za a hana ta ba, za a gane wancan na farko ma ƙarya ce. Babu komawa. Ga Dorina a can, tsohuwar da ke jikin allon coci, wadda 'ya'yanta suka ajiye a ƙofar gidan mishan suka tafi, ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nata. Ranar da za ta taho Dorina ta riƙe mata riga, ita kuma ta rantse mata da yarensu cewa mako biyu kawai za ta yi. Ga mutum goma sha ɗaya a ɗakin da take kula da shi, ta san tarin kowannensu. Tana son aikin. Wannan ne abin da ya fi ci mata rai: ba ƙarya take yi ba a can, da gaske take yi.

"Yaya, ka ba ni lokaci. Bari in koma in yi musu bayani a hankali, in na samu wadda za ta karɓe ni..."

Dennis ya juyar da kai. Wata mata ta zo ɗaukar jarkarta, ya bi hannunta da ido har ta ɗauki daidai, sannan ya miƙa wa Zaharadeen wuyan hannu a mayar masa da sandarsa. Ya koma bakin aiki.

"Ci ƙosai, Murna," in ji Gwaggo. "Da zafi. In za ki koma Mafara ki tashi yanzu, direbobi ba su son hanyar nan in rana ta yi sanyi. Gobe kuma an ce da ganguna za a tarbe ki."

Ba ta kai ga amsawa ba wata farar mota mai lambar Filato ta kutso cikin tashar, ta tsaya daidai bakin rumfar. Ƙofar baya ta buɗe, Dattijo Philip ya fito da sauri har hularsa ta karkace. Mama Hannah na zaune a ciki, ta haɗa hannuwa a cinya, idonta jawur, ba ta sauko ba.

Dattijo ya iso kan Rejoice, ya sunkuya kamar mai gaisuwa.

"Baƙon ne, yau ya iso," ya raɗa mata. "Ya ce sai ya gan ki, matar nan kuma ta buɗe baki ta faɗi inda kike. Na gaya masa kin zo duba wani naƙasasshe ne da ikilisiya ke taimakawa. Ɗan maƙwabta. Kin ji ni? Ɗan maƙwabta."

Ƙofar gaba ta buɗe. Sandar ƙarfe ce ta fara taɓa ƙasa, sai ta biyu. Wani mutum mai gilashi, wanda zai kai shekara hamsin, ya jawo ƙafafunsa waje ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya miƙe a kan sandunan. Wata baƙar jaka na rataye a ƙirjinsa. Bai nufi Rejoice ba, bai kuma dubi Dattijo ba. Ya tako a hankali har gaban kujerar taya, ya gaishe da Gwaggo, ya gaishe da Zaharadeen, sannan ya rage tsawo ya ce wa Dennis, "Sannu da aiki, maigida," ya kuma tsaya ya jira har amsar ta gama fitowa.

Sai ya juyo.

"Sista Rejoice ko? Sunana Andrew, daga ofishin Jos. Aikina shi ne in ga gidan kowane ma'aikaci da idona kafin a sa hannu." Ya buɗe jakar, ya zaro takarda da biro. Tun daga nesa ta gane layin tambayar nan, na huɗu daga sama. "A fayil ɗinki an ce ba ki da kowa. Dattijo ma haka ya maimaita mani a mota, har sau biyu, ban tambaye shi ba."

Ya dubi fuskarta, ya dubi ta Dennis, ya sake duban tata.

"To wannan bawan Allah da kuke da hanci ɗaya, wane ne?"

Dattijo Philip ya yi tari. Man kaskon Gwaggo na ta ƙara, ba wanda ya kula ƙosan na ƙonewa. Dennis ya ɗaga sandarsa, ya tsayar da ita a saitin gwangwanin, yana kallon bakin ƙanwarsa.